Ruwa Ya Zo, Saura Karatu

Jama'ar Kura da Bunkure! An gama madatsar ruwan Tiga a 1974, muka samu noman rani, amma har yau dillali ne ke rubuta lissafin buhunan shinkafarmu, mu kuwa sai dangwala yatsa. Ga malaman Jami'ar Ahmadu Bello can Kadawa suna gwajin iri da taki. To, ina amfanin bincikensu ga wanda bai iya karanta takardar maganin ƙwari ba? Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilmin manya ta Kano a 1980. Hakkinmu ne, ba alfarma ba. Mu nemi ajin yamma a kowace unguwa, maza da mata. Gemu ba ya hana ilmi.