Zaɓen Fannin Karatu a Agadas: Darasin Imuraren



Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bakaloreya ya fito, tambaya guda ce ke yawo a zaurukan Agadas: wane fanni ne ke da aiki? Tambayar tana bisa hanya, domin kuwa uban da ya sayar da raƙumi, ko albasar da ya noma a Tabelot, don ya tura ɗansa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900, yana da haƙƙin sanin abin da zai komo masa. Illa dai a wannan jiha, amsar takan tsufa kafin ɗalibi ya karɓi takardarsa.

A da can ba a cika yin tambayar ba. Gwamnati ce ke raba ɗalibai fanni-fanni, ta ba su bursu, in sun gama ta ɗauke su aiki. Kuɗin uraniyom ne ke ɗauke da wannan nauyi: SOMAIR ta fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK a Akokan a 1978, aka kuma buɗe makarantar ma'adinai ta EMAIR a nan Agadas. Da farashi ya karye a shekarun 1980, baitulmali ya bushe, Bankin Duniya ya zo da sharuɗɗansa, ƙofar aikin gwamnati ta ƙuntata. Ɗalibai uku da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, makomar karatu ce ta fitar da su kan titi. Tun daga nan zaɓe ya faɗo a wuyan ɗalibi da iyayensa.

To, a dubi abin da ya sami wanda ya yi zaɓen da idon kasuwa. A tsakiyar 2007 laba ɗaya ta uraniyom ta haura dalar Amurka 130. A Janairun 2009 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Areva na Faransa kan mahaƙar Imuraren, mai nisan kimanin kilomita 160 arewa da Agadas, wadda aka ce za ta riƙa ba da tan 5000 a shekara. Shugaba Mamadou Tandja da kansa ya aza harsashinta a watan Mayu. A ɗauki yaron da ya ci bakaloreya a wannan shekara, ya shiga karatun injiniyan ma'adinai. Babu wanda zai ce bai yi lissafi ba. Yana aji na biyu, a Maris 2011, haɗarin Fukushima ya auku a Japan, ƙasashe suka ja baya da wutar nukiliya. Karatun injiniya shekara 5 ne. Ya gama a 2014, daidai shekarar da aka dakatar da aikin Imuraren. A ƙarshen 2016 laba ta koma ƙasa da dala 20. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, ma'aikata wajen 600 suka sauka, ban da na ƴan kwangila. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙanensa da ya ga haka ya guji fannin, ya tafi karatun shari'a, sai ga laba ta sake haura dala 100 a Janairun 2024. A watan Yunin wannan shekara hukumomi suka karɓe lasisin Imuraren daga Orano, magajin Areva. A Yunin 2025 suka mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Wa da ƙane duk sun karanta kasuwar ranarsu daidai, amma ana yanka farashinta a wata duniya da ba ta san da su ba.

Haka ta faru ga masu koyon harsuna don jagorancin ƴan yawon buɗe ido. Tawaye biyu da sace Turawa a Arlit a Satumba 2010 suka kore baƙi, har UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013 otal-otal na wofi. Zinariyar Jado kuwa, da ta ɓulla a 2014, ba ta tambayi kowa takarda ba.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: wa zai biya wannan aiki, kuma in ya tashi, ina za a kai hannun? Wanda ya san duwatsu yana iya neman ruwa a ƙarƙashin Irhazer kamar yadda yake neman ƙarfe, muddin an koya masa duka biyun. Mai ilimin lantarki da gyaran injuna yana da gurbi a mahaƙa, a tashar SONICHAR ta Tchirozerine, da kuma lambunan Azbin masu ɗaga ruwa da hasken rana. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kan wannan rana ya ƙarar da rayuwarsa, a lokacin da idon kowa ke kan uraniyom.

Sai dai kada a ruɗi yara: buƙata daban, albashi daban. Jiha na neman likitoci da malaman lissafi ruwa a jallo, amma duk wanda ya ga malamin kwantaragi yana jiran ƙarshen wata ya san cewa mai buƙatar ba kullum yake da abin biya ba. Karatun likita kuma ya haura shekara 6, ba kowane gida ke iya jiransa ba. Jami'ar Agadas, da aka kafa a 2014, ta rage wa iyaye kuɗin mota da na haya. Ya kamata kuma ta riƙa buga, kowace shekara kafin rajista, adadin waɗanda ta yaye a kowane fanni, da inda suke aiki, da waɗanda ke zaune a gida.