Maigida da Yaransa: Riƙon Ma'aikata a Kasuwancinmu

Mas'alar da nake son in gabatar ita ce yadda mai dukiya yake zaɓar waɗanda za su yi masa aiki, ya ajiye kowa a matsayinsa, ya kuma biya shi hakkinsa, domin na lura da yawa daga samarinmu suna zaton wannan ilimi jiya ya zo mana daga makarantun Turawa, alhali kuwa kakanninmu sun san shi tun zamanin da ake fatauci da jakuna.

Duk wanda ya ji labarin ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro ya san cewa tafiya irin wannan, mai cin watanni, ba ta yiwuwa sai da nizami. Madugu ne shugaba, shi ke yanke shawara, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Jagaba yana gaba yana neman zango, uban dawaki yana taimakon madugu, malamin ayari kuma yana riƙe da lissafi da addu'a. Idan an isa Salaga a ƙasar Gwanja, fatoma ne zai sauke baƙi, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu lamuni.

A cikin wannan makaranta Alhassan Ɗantata ya tashi, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara da fataucin goro kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe. Da ya shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Neja a 1918, tsarin da ya bi shi ne na maigida da yaransa: ya ba wakilansa jari, su kuma su rarraba wa masu saye a ƙauyuka, gyaɗa ta riƙa hauhawa daga hannu zuwa hannu har ta taru a Kano, kuɗi kuma su gangara ta wannan tsani. Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne yadda ake samun waɗannan yara. Yaro yakan shigo gida yana ƙarami, a fara aikensa, a jarraba shi da kaɗan kafin a damƙa masa mai yawa, a ci da shi, a tufatar da shi, in lokacin aure ya yi maigida ya yi masa, har ranar da za a sallame shi da jarinsa ya zama maigidan kansa. Ga zaɓe, ga tarbiyya, ga ƙarin girma, ga sallama, duk a dunƙule cikin kalma guda, wato amana. Kuma albarkar tsarin a bayyane take, tun da an ruwaito cewa da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929, kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin Alhassan ya kai ajiya.

Amma wajibi ne in faɗi aibin da nake gani, kuma da baƙin ciki nake faɗinsa. Wannan tsari a cikin kan mutum ɗaya yake zaune. Maigida ne ma'aji, shi ne alƙali, shi kaɗai ya san wanda ake bi da wanda ke bin bashi, don haka ranar da ya kwanta dama sai a raba gado, kantuna su watse, yaron da ya yi shekara ashirin yana hidima ya fita hannu rabbana, saboda alkawarin da aka yi masa da baki ya bi mai shi kabari. Gidan Ɗantata ya tsira bayan rasuwar Alhassan a 1955 domin 'ya'yansa sun ci gaba a ƙarƙashin kamfani mai suna da rajista; gidaje nawa ne a kasuwannin Kantin Kwari da Kurmi suka sami wannan rabo?

Maganin kuwa yana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure, Risala da Muhtasar, inda aka bambanta ijara da ƙiradi. A ijara, tilas a san ladan a san aikin tun kafin a fara. A ƙiradi, mai juya dukiya yana da rabo sananne daga riba, rabi ko sulusi, hasara kuma ta mai jari ce muddin ba a yi sakaci ba. Yaron kanti na yau sau da yawa ba ya cikin ko ɗaya, sai dai a ce masa ya yi haƙuri za a duba shi, wannan kuwa rashin sanin ladan aiki ne wanda fiƙihu bai yarda da shi ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kama aiki.

Shawarata ga attajiranmu ita ce a raba hannun mai karɓar kuɗi da na mai rubuta su, a naɗa wakili wanda zai iya yanke magana in maigida ya tafi Hajji, sannan duk yaron da aka ɗauka a zaunar da shi gaban shaidu biyu, a rubuta masa ladansa ko rabonsa, da shekarar sallamarsa da jarin da zai fita da shi, a ba shi takarda ɗaya, ɗaya kuma a ajiye inda magada za su same ta.