Tuntuɓen Harshe da Baƙin da ke Cikinmu



Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, baƙi suke ta shigowa. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara yawansu. Wasu ma'aikata ne, wasu 'yan kasuwa, wasu kuma 'yan bautar ƙasa ne da akan turo makarantun Miga da Jahun da Kiyawa. A majami'unmu za ka tarar da Ibo da Bayarabe da Tibi a benci ɗaya da mu. Yawancinsu suna ƙoƙarin koyon Hausa, kuma dukanmu mun san irin dariyar da wannan ƙoƙari yakan jawo.

Bari mu fara da haruffa masu ƙugiya. Baƙo yakan iso da hunturu, a tambaye shi hanya, ya ce akwai kura da yawa. Sai ka ga mata sun dafe ƙirji, alhali ƙura yake nufi. Wani ya ce ya kwanta a kan kasa, wato macijiya, maimakon ƙasa. Sai kuma hawa da saukar murya. Miyar kuka daban, kukan jariri daban, ko da yake rubutunsu ɗaya. Rago, in murya ta taso daga ƙasa ta hau, dabba ce. In ta tsaya a sama, malalaci ke nan. Ku duba nauyin da ke kan baƙon da aka ba shi karatu a kan Ɗan Ragon Allah ranar Lahadi.

Akwai kuma "kai" da "ke". Yarabanci da harshen Ibo da Fulatanci ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna, don haka baƙo yakan dubi dattijo mai furfura ya ce, "Baba, kin tashi lafiya?" Ba raini ba ne, harshensa na gida ne ya biyo shi. Haka magidanci yakan je asibiti, maimakon ya ce yana da ciwon ciki, sai ya ce yana da ciki.

Wannan ba a kan Hausa kaɗai ya tsaya ba. A Sifaniyanci akwai kalmar "embarazada", wadda ta yi kama da kalmar jin kunya ta Ingilishi. Masu koyo sukan faɗe ta suna nufin sun ji kunya, ashe sun sanar da jama'a ne suna da juna biyu. Kalmar shekara kuma, "año", tana da 'yar alama a kan harafin n. In aka bar alamar, kalmar ta koma sunan wata gaɓar jiki da ba a ambata a gaban surukai. Ashe su ma suna da tasu ƙugiyar.

To, dariya ba laifi ba ce. Abin da ya dame mu shi ne abin da yakan biyo bayanta. Mutum ya yi kuskure sau ɗaya, yara su mayar da kuskuren sunansa, a riƙa maimaita shi a zumuntar mata da wurin koyon waƙa. Daga nan sai ya kama bakinsa. Ya daina addu'a a fili, ya koma bencin baya, wata rana a neme shi a rasa. Haka ikkilisiya ƙarama takan rabu gida biyu, masu Hausa da masu Turanci, alhali dukanmu ba mu cika ɗaki ɗaya ba. Wanda ya ji tsoron Hausa a cikin majami'a kuwa, ba zai yi ƙarfin halin gaida maƙwabcinsa Musulmi ba, ko ya je masa ta'aziyya. Shi kuma maƙwabcin sai ya ɗauka girman kai ne.

Littafin Mahukunta sura 12 ya nuna mana inda abin yake iya kaiwa. Mutanen Gileyad sun tsare mashigin Urdun suna gwada mutanen Ifraimu da kalma ɗaya, Shibbolet, wadda ba su iya furta farkonta daidai. Mutum 42,000 suka hallaka a wannan yaƙi. Mu ba ma ɗaukar takobi, amma muna iya sa furuci ya zama shingen da zai nuna wa ɗan'uwa cewa shi ba namu ba ne.

Mu tuna kuma cewa Littafi Mai Tsarki na Hausa da muke riƙe da shi ya ratso ta hannun masu koyo. Likita Walter Miller ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya kafin ya iso ƙasar Hausa a 1900, shi ne kuma jigon fassarar da ta fito cikakkiya a 1932. G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. Ba da Hausa aka haife su ba. Hausawa ne suka zauna da su, suna maimaita musu kalma har ta zauna.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na ɗaya, in ɗan'uwa ya yi tuntuɓe a gaban jama'a, a bari sai an tashi, a ja shi gefe a gyara masa. Na biyu, dattawa su haɗa kowane sabon baƙo da iyali guda da zai riƙa cin tuwo da su, gama a bakin akushi Hausa ta fi saurin shiga. Duk wanda aka ba karatu, wani ya saurare shi tun ranar Asabar. Na uku, mu ma mu koyi gaisuwa da harsunansu, mu bar su su yi mana dariya. Wanda ya ɗanɗana kunyar koyo ba ya saurin yi wa wani ba'a.

Iyaye, ku ja kunnen yara. Baƙon da ya ce "kin tashi lafiya" ya riga ya girmama mu da ya ɗauki harshenmu. Mu amsa masa da fara'a, gyara ya biyo baya.

Ubangiji ya ba mu haƙuri da juna. Amin.