Tsakanin Saɓa wa Dharma da Ɗaukar Zunubi a Falsafar Hindu



An nemi in yi bayani a kan yadda masanan Hindu na Indiya suka ɗauki dangantakar karkacewa daga daidai da kuma zunubi. A wurinsu, dharma shi ne tsarin da ke riƙe da duniya da al'umma, tare da haƙƙin da ya rataya a wuyan kowa gwargwadon matsayinsa. Adharma shi ne saɓa wa wannan tsari. Papa kuwa shi ne abin da saɓon ke bari a kan mai aikata shi, nauyin da zai bi shi har ya girbe shi a wannan rayuwa ko a wata, tunda sun yi imani ana sake haihuwar mutum. Adharma yana ɓata gari, papa yana ɓata mai shi. Abin tambaya shi ne ko kullum tare suke tafiya.

Littafin Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700, wanda ke cikin babbar waƙar nan ta Mahabharata, da wannan damuwa ya buɗe. Jarumi Arjuna ya tsaya a fagen fama na Kurukshetra, ya hangi kakansa Bhishma da malaminsa Drona a cikin rundunar abokan gaba, gabansa ya faɗi, ya ajiye baka. Tsoronsa shi ne zunubin zubar da jinin dangi. Krishna, wanda ke jan ragamar keken dokinsa, ya juya masa maganar: tunda shi ɗan gidan mayaƙa ne, kuma an ƙwace haƙƙi, to gudun yaƙin ne zai jawo masa zunubi. Ku lura, jama'a, aikin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne matsayin mai yi da kuma halin da ake ciki.

Akwai wani labari a cikin Mahabharata da ya fi wannan taɓa ni. Wani mai gudun duniya da ake kira Kaushika ya yi alkawarin ba zai taɓa faɗin ƙarya ba. Wata rana wasu matafiya suka gudo suka ɓuya a daji kusa da shi. 'Yan fashi suka iso suka tambaye shi inda suka nufa, ya nuna musu, suka kashe su. Labarin ya ce wuta ya shiga. Ya cika alkawarinsa, bakinsa bai furta ƙarya ba, amma ya rushe abin da gaskiya ta zo karewa, wato ran mutane. A nan tunanin Hindu ya kai ƙololuwa a ganina: bin ƙa'ida ba tare da duban abin da za ta haifar wa wasu ba shi ma karkacewa ne.

Sai dai akwai wani ɓangare da ba zan ɓoye muku ba. Littafin dokoki na Manusmriti, wanda William Jones ya fassara zuwa Turanci a 1794, ya jera manyan zunubai biyar: kashe Brahmin (mutumin aji na sama), shan giya, satar zinariya, neman matar malami, da cuɗanya da masu aikata waɗannan. Ya kuma tanadi kaffara, wadda suke kira prayaschitta, ta hanyar azumi da sadaka da makamantansu. Wanka a kogin Ganga ma, a imanin mabiya, yana wanke papa. Amma wannan littafi ya auna kaffarar kisan Shudra, mutumin aji na ƙasa, da ɗaya bisa 16 na kaffarar kisan Brahmin. To yaya ke nan idan tsarin da ke auna zunubi shi kansa ya karkace? Mutum zai iya danne ɗan'uwansa har ƙarshen ransa, lissafin ya nuna shi tsarkakakke ne, wanda aka danne kuma a ce masa abin da ya shuka a wata rayuwa yake girbewa.

'Yan Indiya da kansu suka tayar da wannan magana. A ranar 25 ga Disamba, 1927, a garin Mahad, Dakta Ambedkar ya jagoranci ƙona Manusmriti a bainar jama'a. Gandhi bai bi wannan hanya ba, ya tsaya a cikin addinin ya ce ƙyamar taɓa wasu mutane ita kanta zunubi ce. Tsarin mulkin Indiya na 1950, a sashe na 17, ya haramta wannan ƙyama.

Hukuncina shi ne Kaushika ya fi Manusmriti koyar da mu. Ina roƙon ɗalibanmu masu nazarin addinai su karanta waɗannan littattafai da kansu, tare da abin da waɗanda aka danne suka rubuta a kansu, kafin su yaba ko su kushe.