Jawabi a kan Baquaqua, ɗan zango da ya ba da labarin bautarsa



Yau mun zo muku da labarin wani ɗan zango irinmu, Muhammadu Gardo Baquaqua. A Jugu aka haife shi, kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. An sa shi makarantar allo, amma ku ji fa, gudu yake yi.

Wajen 1845 aka sayar da shi, aka loda shi a jirgin bayi zuwa Barazil. A 1847 ubangidansa ya je da shi New York. Ya nemi 'yanci a kotu, alƙali ya ƙi, sai masu yaƙi da bauta suka taimaka masa ya sulale daga kurkuku. Ya zauna Haiti, inda ya shiga addinin Kirista. To, yaron nan mai gudun allo sai ga shi a kwaleji a jihar New York!

A 1854 aka buga tarihinsa a Detroit, da taimakon Samuel Moore. A ciki ya faɗi ƙishirwa da warin cikin jirgin nan, babu rufa-rufa. Burinsa ya koma gida. A 1855 ya haye Liverpool yana neman hanyar Afirka.