Hoto a Waya da Zuciyar Majiyyaci
Jawabi a taron shekara na tsofaffin ɗalibai, Zuru



An ce in yi magana a kan aikina. To, ni malamin asibiti ne a wani ƙaramin asibitin karkara a ƙasar Zuru, inda ba mu da likitan fata. Amma yau muna da waya. Idan muka ga tabo ko gyambon da ba mu yarda da shi ba, sai mu ɗauki hoto da izinin mai shi, mu aika wa likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Shekaru biyu da suka wuce wani dattijo manomi ya zo mini da baƙin tabo a tafin ƙafa. Ya ce ƙaya ce ya taka tun lokacin noman fari. Na aika hoto, washegari amsa ta zo: ana zargin sankarar fata ce, a turo shi a yanki ɗan naman a gwada. Na karanta masa saƙon a tsaye, ina sauri saboda layi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, likitan da bai taɓa ƙafata ba, ina ya san ciwona?" Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Laifin nawa ne. Na ba shi amsa, ban ba shi lokaci ba. Bayan kwana uku na hau babur na same shi a gida, muka zauna a tabarma tare da babban ɗansa. Na ce, "Baba, hoton bai yanke hukunci ba. Ya dai ce kada mu jira, gwaji ne zai faɗi gaskiya." Ya yarda. Gwaji ya tabbatar, aka yi masa aiki, bana ma ya je gona.

Wata uwa kuma ta kawo 'yarta zabiya. Hoto ya nuna ƙunar rana ce kawai, muka ba da shawarar malafa, riga mai dogon hannu da man kare fata. Ta yi murna kuɗin mota sun huta, amma tambayarta ta farko ita ce, "Wa da wa za su ga hoton nan?"

Abin da na koya ke nan: majiyyaci yana gamsuwa idan amsa ta zo da wuri, aka bayyana masa da harshensa, ko Hausa ko Dakarci, aka kuma rufa masa asiri.

Kada mu ce baƙar fata ba ta kamuwa. Bob Marley, wanda muka sha kaset ɗinsa a ɗakin kwana, sankarar da ta fara a ƙarƙashin farcen ƙafarsa ce ta yi ajalinsa a 1981, yana da shekara 36. Saboda haka idan kun je gida, ku duba tafin ƙafar iyayenmu, da tsohon tabon ƙuna da ya koma gyambo, da fatar 'yan uwanmu zabiya. Abin da ya ƙi warkewa, ku kawo mu gani.