Kafin Ka Biya Kuɗin Alaimen, Duba Ƙafar Motarka

An ce in yi magana a kan sana'ata ta kanikanci, tunda yawancinmu a nan Ingila tsofaffin motoci muke ja, wasunmu ma da su suke neman abinci.

Zan fara da abin da ya same ni tun kafin in koyi aikin. Ina da wata tsohuwar Toyota Corolla da take ja zuwa hagu tana cinye tayar gaba ta ciki. Sau biyu ina kai ta wani gareji ana yi mata alaimen, in biya in tafi, bayan mako uku ta koma gidan jiya. Ranar wata Juma'a ina karya kwana zan shiga harabar masallaci, da yara a baya, sai na ji ƙara, gaban motar ya durƙusa, tayar hagu ta kwanta. Bol joyin ne ya fita daga mazauninsa. Minti goma kafin nan muna kan babbar hanya. Allah ne ya tsare.

Abin da na koya shi ne, alaimen aikin ƙarshe ne. Saita tayoyi kawai ake yi su fuskanci inda ya dace. Idan ƙarfen da ke riƙe da tayar ya saki, ko an saita, ramin farko da ka faɗa zai warware aikin. Saboda haka ga yadda ake bincike, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko, iska. Auna ta da safe kafin tayar ta yi zafi, ka bi adadin da masu motar suka rubuta, galibi a jikin ƙofar direba. Idan har yanzu tana ja gefe, musanya tayoyin gaba biyu, in ba masu kibiya a jiki ba ne. Ta koma ja ɗaya gefen? Laifin taya ne.

Na biyu, duba yadda tayar ta cinye. Gefe biyu sun cinye, tsakiya na nan: iska ta yi kaɗan. Tsakiya kawai: iska ta yi yawa. Gefe ɗaya kawai, ko ka shafa ka ji kamar haƙoran zarto: saiti ya goce. Kada ku raina wannan. Tayar da ta karkace da digiri 1 ana jan ta ne a kaikaice kimanin mita 17 a kowace kilomita. Idan kuma cinyewar kwari-kwari ce, a tuhumi shokozoba.

Na uku, kasa kunne. Ƙwanƙwasa a kan gargada tana nuna bushin ko ɗan sandan da ke haɗa ƙafa da ƙarfen daidaito. Ƙas-ƙas idan ka murɗe sitiyari gaba ɗaya, shaf ne. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris ne. Sitiyari na rawa a wajen mil 50 zuwa 70, galibi balansin taya ne. Idan sai ka taka birki yake rawa, faifan birki ne.

Na huɗu, ɗaga motar da jak, ka sa mata abin tokara mai ƙarfi. Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Kama tayar dama da hagu ka girgiza. In akwai wasa, tayarod ne. Kama ta sama da ƙasa. In akwai wasa, bol joyin ne ko boris. Sa wani ya taka birki: wasan ya ɓace, boris ne, yana nan, bol joyin ne. Duba robar da ta rufe su, domin in ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Bayan ka sauke motar, danna kusurwarta da ƙarfi ka saki. Ya kamata ta taso ta tsaya. In tana ta lilo, ko ka ga mai na zuba a jikin shokozoba, ta mutu.

Sai an canja duk abin da ya lalace sannan a yi alaimen, kuma ka nemi takardar awon kafin da bayan aiki.

A nan Ingila doka ta ce zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kuma tarar taya ɗaya tana iya kaiwa fam 2,500 da maki 3 a lasisi. Gwajin MOT kuwa sau ɗaya ne a shekara, ƙarfe kuma ba ya jiran ranar gwaji.

'Yan uwa na gida da za su karanta wannan, hanyoyinku sun fi namu ramuka, motocinku sun fi namu ɗaukar kaya. Kafin tafiyar Sallah ko ta biki, ku tsaya a kan bakanike ya ɗaga motar ya girgiza tayoyin a gabanku. Mu kuma masu aika kuɗin gyara, mu riƙa tambaya me aka canja kafin a yi alaimen.

Duk mai so, motata na waje. Bayan an tashi ya zo in nuna masa da hannu. Allah ya tsare hanyoyinmu, ya kai mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.